Yadda gahawa da lemon ƙara kuzari suka kusa raba ni da keken ɗinki

Ni tela ne. A Kakuri aka haife ni, nan cikin Kaduna, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a masaƙa yake aiki, kuma yawanci aikin dare yake yi. Ba ya fita sai da goro biyu ko uku a naɗe cikin ganye, ya ce su ne ke riƙe masa ido har asuba. Na tashi ina ganin goro abin mutunci ne, da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna, kakata kuwa in ba daushe ba ba ta ci. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai wani sinadari a cikinsa, balle a yi maganar iyaka.

Da masaƙun suka fara durƙushewa a farkon shekarun 2000, gidanmu ya shiga wani hali. Muka bar Kakuri muka koma Tudun Wada, aka kai ni wajen wani tela koyon sana'a. Na zauna da shi shekaru, tun ina ɗora maɓalli da guga har na iya yanka da aikin wuya. Ya yaye ni, na kama ɗan shagona, na yi aure. A duk tsawon lokacin nan abu guda ne ban yarda na saki ba, motsa jiki. Tun ina yaro nake buga ƙwallo a filin unguwa, da gwiwa ta fara damuna sai na koma gudu. Ranar Asabar da sassafe Dandalin Murtala nake zuwa, in yi zagaye tare da jama'a, in dawo in buɗe shago jikina wasai.

Wanda ya san teloli ya san azumi shi ne kakarmu. Abin da za ka samu daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren sallah shi zai biya kuɗin haya, ya biya kuɗin makaranta, ya cike ramukan da aka haƙa a sauran watanni. Da rana ba ka da ƙarfi, ga zafi, ga ƙishirwa, don haka aikin gaske sai bayan asham. Wuta ma ta fi zama da dare. Sai ka ga layinmu kaf a buɗe, kekuna na ruri har lokacin sahur. A bakin layin akwai mai shayi, kuma shi ne sarkin daren. Da farko shayi nake sha da madara kamar kowa. Wani abokin sana'a ya ce min in gwada ruwan bunu a juye masa garin gahawa na 'yar leda. Na gwada. Daren nan na gama kaftani huɗu ban yi hamma ba, na tafi gida ina jin na gano wani sirri.

Sallah ta wuce amma shan bai wuce ba, don aikin ma bai ƙare ba. Bayan ƙaramar sallah akwai bukukuwan aure, ga babbar sallah, ga kayan makaranta a watan Satumba, ga masu kawo ɗinkin Kirsimeti daga Barnawa da Sabon Tasha. Leda ɗaya ta daina yi min, na koma biyu. Da rana in rana ta take, sai in aika yaro ya sayo min lemon ƙara kuzari mai sanyi. Goro kuwa yana cikin aljihun keke. In wani Buzu maigadi da ke kusa da mu ya ɗora shayinsa mai ɗaci da yamma, nan ma ba a bar ni a baya ba. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri guda a raina ba. A wajena shayi abin karin kumallo ne, goro al'ada ce, lemo kuwa na kashe ƙishi ne.

Sai ciwon kai ya shigo. Kusan kullum da shi nake tashi, wani nauyi a goshi da bayan idanu. In na sha shayina sai ya lafa. Ranar da bai lafa ba in je kemis a ba ni ƙwayar ciwon kai mai ƙarfi, in haɗiyi biyu, cikin ɗan lokaci in ji garau. Sai daga baya na san irin wannan ƙwayar farasitamol ce haɗe da kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci a gahawa da shayi da goro, kowace ƙwaya da miligiram 65 na kafeyin ɗin.

Barci shi ne abin da na fara rasawa, kuma shi ya fi cin raina. Zan kwanta jikina duk ya mutu, ƙafafuna na zogi saboda taka keke, amma idona biyu. Ina jin kiran sallar farko daga masallacin unguwa, ina jin numfashin yara, ina lissafin yadi da kuɗin zare. In barcin ya zo, ƙaramin motsi ya tashe ni. Da safe in tashi a gajiye, abin da zan fara nema kuma shi ne abin da ya hana ni barcin. Na zama mai saurin fushi. Yaron shago ya ɗora aljihu a karkace, in yi masa faɗan da ya fi ƙarfin laifin. A gida yara suka koyi yin shiru in sun ji ƙarar babur ɗina. Wata rana matata ta ce min, “Abban yara, wallahi ba haka na san ka ba. Ko gaisuwa aka yi maka kamar an zage ka.” Na ce mata gajiya ce. Gajiyar ce kuwa, amma ba irin wadda nake nufi ba.

Abin da ya fara ba ni tsoro na gaske hannuna ne. Tela da hannu yake ci. Wata safiya na zo zura zare a allurar keke, na lashi bakin zaren, na murza shi, na kai shi bakin kafar, sai na ga yatsuna na karkarwa. Zaren ya wuce ta gefe. Na sake, ya sake wucewa. Na dafe hannun dama da na hagu, duk da haka bai tsaya ba. Ƙaramin yarona na shago yana tsaye yana kallo, ya ce, “Oga, kawo in sa maka.” Na miƙa masa, na fita waje kamar zan yi alwala, na tsaya a bayan shago ina kallon tafin hannuna. Shekaruna ba su kai arba'in ba. Ba a daɗe ba almakashi ya zame min a kan shaddar wani ango, yadi mai tsada da ya sayo musamman, yankan ya shiga inda ba ya gyaruwa. Na biya shaddar daga aljihuna. Bai yi min faɗa ba, amma shi da abokansa ba su sake kawo min ɗinki ba.

Mahaifiyata ta shiga damuwa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai ta ce, “Yaron nan, anya ba hannu aka sa maka ba? Kasuwa ba ta rasa mahassada.” Ta karɓo min rubutu, ta sa aka yi min addu'o'i, na sha kuma na gode mata, don addu'ar uwa ba abin wasa ba ce. Amma daren ranar ma da kofin gahawa a gefen kekena na kwana.

Gudu kuwa ban daina ba, sai dai yadda nake yinsa ya canza. Na lura in na sha gwangwani ɗaya kafin in fita, ƙafata takan yi sauƙi, in ƙara zagaye ban ji ba. Matasan da ke ɗaga ƙarfe a wurin ma haka suke yi, har da masu kaɗa wani gari a gora. Na ɗauka na dace da abin da ke ƙara lafiya. Wata Asabar, ana saura mako guda wani babban biki da na karɓi ɗinkinsa, na kwana a shago ban runtsa ba. Da na yi sallar asuba sai na ce bari in je in warware jiki. Na sha gwangwani biyu a jere, na hau babur zuwa dandali. Ban yi nisa da fara gudu ba na ji ƙirjina na dukan da ban taɓa ji ba, ba irin na mai gudu ba, wani bugu ne mai sauri yana tsallake wani. Gumi mai sanyi ya karyo min, idona ya fara ganin duhu-duhu, na durƙusa a gefen hanya. Na yi kalmar shahada, don ban yi zaton zan tashi ba. Abin da ya zo min a rai 'ya'yana ne, da kayan mutane da ke jibge a shago ba wanda ya san na wane ne wane. Wasu bayin Allah da ban san su ba suka sa ni a mota suka kai ni asibiti.

An auna jinina aka ga ya hau. Aka manna min wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciya, aka ɗebi jini don a duba ƙarancin jini da kuma ciwon nan na maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, don an ce su ma suna sa zuciya gudu. Duk ba a sami wani abin tashin hankali ba, sai saurin bugun da hawan jinin. Likitar da ta gan ni, wata mace mai natsuwa, ta ce, “Malam, me kake sha?” Na ce mata ni ko taba ban taɓa sa wa a bakina ba. Ta ce ba wannan take nufi ba, in lissafa mata duk abin da ya shiga cikina tun jiya da safe. Ta ɗauki takarda tana rubutawa, tana sa lamba a gaban kowanne. Kofin shayi baƙi, miligiram 40 zuwa 50 na kafeyin. Kofin gahawa, 60 zuwa 100, gwargwadon kaurinsa. Gwangwanin lemon kuzari mai mililita 250, kusan 80. Baƙin lemon kwalba, wajen 30 zuwa 35. Ƙwayoyin ciwon kai biyu, 130. Goro ta ce ba ya lissafuwa daidai saboda girmansa ya bambanta, amma kafeyin ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa in ya bushe. Da ta tara, sai ta juyo min da takardar. Abin ya kusa miligiram 800, wato 400 sau biyu.

Ta ce 400 ɗin nan shi ne abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ke ganin baligi mai lafiya zai iya sha a yini ba tare da matsala ba, kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta faɗi haka a 2015, ta ƙara da cewa a zama ɗaya kada ya wuce 200. Wannan ma ga mai lafiya ne, wanda ya yi barci, ba mai hawan jini ba.

Bayanin da ta yi min daga nan shi ya zauna min a rai har yau. Ta ce tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ke sanar da jiki cewa an gaji, a kwanta. Kafeyin yakan je ya tare gurbin da adinosin ke zama, sai saƙon ya kasa isa. Gajiyar tana nan, ba ta je ko'ina ba, kai ne dai ba ka jin ta. Ni da na taso cikin masu cin bashin ƙarshen wata, nan take na gane. Ƙarfin da nake ji ba kyauta ba ne, bashi nake ci a wajen jikina, kullum ina ciyo sabo in biya tsoho, har ranar da mai bashi ya tare ni a Dandalin Murtala.

Ta kuma ce kafeyin yakan kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, amma fitarsa ba ta sauri. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma ga yawancin mutane sai an yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita. Wato gahawar ƙarfe goma na dare, rabinta na nan a jikina ƙarfe uku. Ta ba ni labarin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, inda aka ga miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. Ni kuwa ba awa shida ba, wani lokaci da ɗacinsa a bakina nake kwanciya.

Na tambaye ta maganar gudu, don na ji a jikina yana taimakawa. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta ce gaskiya ne, kafeyin na daga cikin 'yan abubuwan da aka tabbatar suna ƙara juriya a wasanni, musamman gudu mai nisa da tseren keke, kuma tun 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin abubuwan da ta haramta. Adadin da aka fi gwadawa shi ne miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kamar awa ɗaya kafin a fara. Mai kilo 70 ke nan 210 ya ishe shi. Amma waɗannan 'yan wasa ne da suka ci suka ƙoshi, suka yi barci, likita na duba su. Ba a gwada shi don tela da ya kwana a kan keke ya zo ya ɗora wa zuciyarsa gudu ba. Ta kuma tuna min da sukari: gwangwani ɗaya na ɗauke da kusan giram 27. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa nake gudu duk mako amma tumbi na ƙara fitowa.

Ta hana ni yankewa lokaci guda. Ta ce wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam, cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai kama shi, da kasala da ƙunci, kuma abin kan iya kai kwana 9. Nan na tuna da ciwon kan da ke kama ni da la'asar a farkon kowane azumi, wanda nake ɗora wa yunwa da rana. Har ciwon kan safiya ma ashe jikina ne ke neman abin da ya saba.

Lemon kuzari na fara ajiyewa, sai ƙwayoyin, sannan na riƙa rage gahawar kaɗan-kaɗan cikin makonni. Duk da haka na sha wuya. Nakan yi gyangyaɗi a kan keke da hantsi. Kaina ya yi nauyi, raina ya yi baƙi, har akwai ranar da na zauna a shago na ji hawaye na zubo min ba tare da wani dalili ba. Ƙamshin teburin mai shayi kaɗai kan sa in ji kamar in tashi in je. Abokan sana'a wasu suka tausaya, wasu suka ce raki ne, ai kowa na sha. Matata ce ta tsaya min. Ita ke dafa min citta da kanumfari da na'ana'a ta zuba a fulas in tafi da shi shago, don hannuna ya sami abin ɗauka da dare. Daren da na fara yin barci tun bayan isha'i har kiran sallah ban farka ba, da safe na ga tana ta murmushi, ta ce ta tashi sau da yawa tana duba ko ina numfashi.

Amma wahalar da ta fi wannan ita ce ta kuɗi, kuma ita ce ba a cika faɗa ba. Ba don daɗi nake shan abin nan ba, aikin da nake karɓa ne ya fi ƙarfin yini ɗaya. In na daina kwana a shago, dole ɗinki ya ragu, in ɗinki ya ragu kuwa mai gidan haya ba ruwansa da bugun zuciyata. Na je wajen maigidana da ya koya min sana'a, yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai ɗana, gahawa ba ta ƙara wa tela hannu na uku. In aiki ya yi maka yawa, ko ka ƙara mutum ko ka rage alkawari.” Na yi duka biyun. Na ɗauki wani matashi da ya iya haɗa riga muna raba kuɗin aiki, na kuma koyi cewa mutum a'a, abin da a da nake ganin kamar korar arziki ne. Shekarar farko samuna ya ragu sosai. Mun cire babban yaronmu daga makarantar kuɗi zuwa ta gwamnati na wani lokaci, kuma wannan ya yi min ciwo ƙwarai.

Ba na cikin masu cewa shayi ko goro guba ne. Har yanzu ina shan shayina kofi ɗaya da safe, ranar Asabar nakan sa masa 'yar gahawa kafin in fita gudu, in har na yi barci daren. In ban yi ba, tafiya kawai nake yi. Bayan azahar kuwa ba na kusantar komai mai kafeyin. In an raba goro a wajen ɗaurin aure ina karɓa, in ɓantari kaɗan in ba na kusa da ni. Hannuna ya daina rawa. Hawan jinin bai tafi gaba ɗaya ba, akwai shi a danginmu, don haka ina zuwa awo a kai a kai. Shi ya sa duk wanda ya ce min ƙirjinsa na bugawa ko yana ganin jiri, ba na ce masa gahawa ce, asibiti nake tura shi, don nawa ya zo da sauƙi ne, na wani yana iya zama ciwon zuciya na gaske.

Da matata ta sami ciki na baya-bayan nan, a wajen awo aka ce mata kada ta wuce miligiram 200 a yini, saboda jikin mai ciki yana jinkirin fitar da kafeyin kuma yana ratsawa zuwa ga ɗan tayi. Aka kuma ce ta raba shayi da lokacin cin abinci, don yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wannan karon ni ne mai dafa cittar.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai yanzu yaran shago ne. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, an ba shi kuɗin abincin rana, sai ya sayi lemon kuzari da biskit. Tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce irin wannan lemo bai dace da yara da matasa masu tasowa ba, amma a nan yaron da bai kai tsawon teburin mai shago ba ma za a miƙa masa. A shagona na hana, kuma ba na barin yaro ya wuce ƙarfe goma sha ɗaya, ko da daren sallah ne. Na san akwai ɗaya daga cikinsu da ke zagayawa bayan layi ya sha. Ban kore shi ba, ina dai jan sa da magana, na kuma gaya wa mahaifinsa.

Bana tun goma ga azumi na rufe karɓar ɗinki, na rubuta a kwali na liƙa a ƙofa. Wasu tsofaffin abokan ciniki sun ji haushi, wani har ya ce na yi kuɗi ne shi ya sa nake wulaƙanta mutane, ya kwashi yadinsa ya kai gaba. Waɗanda na karɓa kuwa kowa ya sami kayansa kafin a ga wata, na je idi da ƙafata tare da yarana maimakon in kwana ina guga. Ragowar kuɗin haya sai bayan sallah da 'yan makonni na iya cikawa, mai gidan ya yi min haƙuri.